Wa Ya Sa Hannun Alhaji Salfo?

Ina tsaka da kwashe wake da shinkafa a rumfata ta bakin tashar Puytenga, sai ga matar ƙanena Tinga ta faɗo mini ko ɗankwali babu, tana cewa jandarmomi sun tafi da shi. Na ce wane Tingan? Don ni dai Tingan da na goya a bayana, wanda in ya taka kiyashi sai ya tsaya ya ba shi haƙuri, ban ga abin da zai haɗa shi da jandarma ba. Ta ce wai kuɗin maigidansa ya sace a banki.

Kafin in gama ɗaura zane labari ya riga ya zaga tasha. Alhaji Salfo, babban mai fataucin shanun nan da Tinga ya daɗe yana tuƙa wa babbar mota, ya je banki ɗaukar kuɗin sayen bisashe, aka ce masa ai ranar Alhamis ya aiko an karɓi sefa dubu ɗari takwas. Ya ce shi bai aiki kowa ba. Aka fito masa da cek, ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro, a bayan takardar kuma an rubuta suna da lambar katin shaidar wanda ya karɓi kuɗin. Sunan Tinga ne.

Kai, bakin mutane! Waɗanda suka ci wakena har suka yi tumbi, su ne na farkon cewa dama shiru-shirun nan nasa bai kwanta musu ba. Wani kwandasta ma cewa ya yi ya ga Tinga da sabon takalmi. Takalmin da ni na saya masa da gumina! Na ƙwace kwanon daga hannunsa na ce ya je ya ci a gidan uwarsa, na hau babur ɗina na nufi ofishin jandarmomi.

Kumandan mutum ne mai natsuwa, kuma yana cikin masu aikowa a sayi abincina, don haka ya ba ni kujera.

"Talato, ni ban ce shi ne ba," in ji shi. "Takarda ce ta ce shi ne. Mai biyan kuɗi a banki ya ce ya yi kama da shi. Alhaji kuma ya ce kullum da safe Tinga ke shiga ɗakin da cek yake, don ɗaukar makullin mota. Ranar Litinin zan miƙa shi Tenkodogo gaban mai gabatar da ƙara, in ya shiga can kuwa ba ni da sauran iko. Ƙirƙirar sa hannun wani a cek ba satar akuya ba ce, ɗauri ne mai tsawo."

"Haba Kumandan! Wane ɓarawo ne zai yi sata ya bar sunansa da lambarsa?"

"Na taɓa kama wanda ya yi barci a cikin shagon da ya fasa," ya ce. "Kawo mini wani da hujja kafin Litinin, ni da kaina zan buɗe wa ƙanenki ƙofa."

Aka bar ni na ga Tinga ta tsakanin ƙarafa. Ya ce ranar Alhamis motar ta lalace masa a hanyar Bulsa, ya wuni a ƙarƙashinta shi kaɗai, ba mai shaida sai shirwa. Katin kuma ba ya hannunsa, don Alhaji ke riƙe katunan direbobinsa duka a aljihun teburinsa, wai kada wani ya tsere masa da mota zuwa Abijan. Sai kuma ya dube ni ya ce, "Yaya, ko kin san an rufe motar da tamfol? Na ga hadari."

Da ba ƙarafan nan, da na mare shi. Mutum na bakin kurkuku yana tunanin tamfol! Na fito ina faɗa, amma ina kaiwa wajen babur sai na ji hawaye sun zubo mini. Tsoro nake ji ƙwarai, don in aka ɗaure yaron nan, ko an sake shi daga baya ba wanda zai ƙara ba shi makullin mota.

Daga nan kasuwar shanu na wuce, wajen Baba Rawgo mai bin sawu. In aka sace saniya tsakanin nan da iyakar Togo, shi ake kira. Ya tara abin duniya da wannan sana'a, ga shi da son a yabe shi kamar amarya. Na same shi a kishingiɗe yana cin goro, na zayyana masa komai.

"'Yata, takarda ba ta da kofato," in ji shi.

"Amma wanda ya ɗauke ta yana da ƙafa, Baba. Ko dai tsufa ne ya fara cin idon?"

Ya miƙe zumbur. "Idon wa? Ni na bi sawun ɗan maraƙi a kan dutse!" Muka yi ciniki a kan wake da ƙarin mai kullum har damina ta fita. Shi ba ya tuƙa babur, wai mai gudu ba ya ganin ƙasa, don haka ya ɗare bayana ya riƙe mini kafaɗa, yana ta ihun "a hankali, a hankali" har muka isa.

Alhaji Salfo ya karɓe mu a zaure fuska a murtuke. Ya ce ya riƙe Tinga kamar ɗan cikinsa, ga sakayyar da ya samu, kuma shi sai ya ga an ɗaure shi ko zuciyarsa ta yi sanyi. Na buɗe baki, Baba Rawgo ya take mini ƙafa.

"Alhaji, nuna mini yadda kake sa hannu."

Ya ɗauki alƙalami ya zana. Wayyo! Wani abu ne kamar ƙadangare ya faɗa tawada ya fito da gudu. Alhaji bai yi boko ba, wannan zanen shi ne sa hannunsa tun da ya buɗe ajiya. Ya kai mu ɗakinsa ya nuna mana aljihun teburin: ga littafin cek da aka yage masa takarda daga can ƙarshe don kada a lura, ga katunan direbobi a ɗaure da roba. Na Tinga na nan an mayar da shi. Katin ya taɓa shiga wanki, hoton ya goge har ba ka bambance mutum da gwanda.

"Wa ya shigo gidan nan daga Laraba zuwa safiyar Alhamis?" in ji Baba Rawgo.

Alhaji ya lissafa: direbobi, da Wenkuni akawunsa, da wani Bafillace da ya zo cinikin bijimi. Hajiya Alizeta, matar gidan, ta leƙo ta ƙara da mai ruwa da wata mai sayar da atamfa. Suka dubi juna, suka ce iyakarsu ke nan.

Baba Rawgo ya shiga tsakar gida a duƙe, hannu a baya, kaji na watsewa a gabansa. Ya daɗe a tsugune wajen randunan ruwa inda laka ta bushe, yana kallon sawun kaji kamar mai karatu. Haƙurina ya ƙare na ce, "Baba, kaji dai ba sa zuwa banki." Bai kula ni ba. Ya zarce bayan ɗakuna, can jikin katanga, sai na ji ya ce, "Yawwa!"

Sawun takalmin taya ne mai faci a dunduniya. Mai shi ya saba tsallake katangar nan, don har wurin ya yi santsi. Muka zagaya ta waje muka bi shi. Ya ratsa bayan makaranta, ya bi ta gefen gonar kuɓewa, ya kauce wa babban titi kamar mai gudun surukai. Murna ta cika ni, na ce yau ɓarawo ya shiga hannu. Sawun bai tsaya ko'ina ba sai gidan burkutu na unguwar gabas, kuma ga mai takalmin nan zaune da ƙoƙo a hannu. Nufu ne, babban ɗan Alhaji, wanda ke tsayawa a sahun gaba kowace Juma'a.

Yana ganinmu ƙoƙon ya suɓuce. "Baba Rawgo, don girman Allah! Magani nake sha, basir ke damuna."

"Allah ya ba ka lafiya. Ina kake ranar Alhamis?"

Mai gidan burkutun ce ta amsa, tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce maganin ya kama shi sosai ran nan, tun hantsi yake kwance a gindin mangwaro, akuya ma ta ci masa gefen hula bai motsa ba, sai bayan la'asar suka yayyafa masa ruwa. Mutum goma suka shaida. Nufu ya bi mu har bakin hanya yana roƙon kada babansa ya ji. Baba Rawgo ya ce shi sawu yake bi, ba ya bin abin da ke cikin ƙoƙo.

"To, gwanin da ya bi maraƙi a kan dutse," na ce da muka hau babur, "ka kamo mana mashayi."

"Sawu bai yi ƙarya ba. Tambayar ce ba tasa ba. Ja mu je."

Wenkuni akawu ma bai ɗauke mu lokaci ba. Ya ce ranar Alhamis yana Wagadugu wajen ɗaurin auren ƙanwarsa a coci, ya fito da hotuna, ga shi nan da kwat yana washe baki. Da aka tambaye shi ko ya iya sa hannun Alhaji, sai ya yi tsaki. "Ni kaɗai? Ko jikarsa mai rarrafe, ka ba ta alƙalami za ta yi."

Washegari Asabar muka je banki, rabin wuni suke yi. Mai biyan kuɗin wani saurayi ne mai wuyan riga a ɗaure, tsoron aikinsa ya cika masa ciki. Ya ce mutum ya zo da hula da baƙin tabarau, ya miƙo cek da kati, sa hannu ya yi daidai, shi kuwa ya biya. Ko Tinga ne? Ya ce to, ya yi kama. Na ce da wa ya yi kama, da Tinga ko da gwandar da ke jikin katin? Sai ya ce in fita.

Na fito ina huci, na tarar Baba Rawgo ya yi zamansa a gindin dogon yaro tare da maigadin bankin, wani tsohon soja mai gashin baki, suna raba goro.

"Alhamis?" in ji maigadin. "Ranar da zakara ya ɓata mini wando? Ai ba zan manta ba. Wani ne ya zo a babur da ƙaton zakara ja, zai shige da shi ciki. Na ce kai malam, nan banki ne, ba kasuwar kaji ba. Ya ce in ya bar shi a babur yara za su kwance. Sai ya danƙa mini. Wallahi na yi yaƙi, ban ga masifa irin ta zakaran nan ba. Ya tsattsage ni, ya yi mini kashi a wandon aiki. Ga shi ƙafarsa ta hagu yatsa biyu ce kawai, sai suɓuce mini yake yi."

Baba Rawgo ya daina tauna goro. "Yatsa biyu? Ta hagu?"

"Ƙwarai. Mai shi ya fito da leda a hammata, ya ba ni dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, na sabulu."

"Za ka gane shi?"

"Zakaran dai ko cikin dubu. Mutumin kuwa in ya yi magana zan gane, muryarsa kamar ta mai shela."

Muna hawa babur Baba Rawgo ya ranƙwashe ni a kai. "Wa ya ce kaji ba sa zuwa banki? Jiya a wajen randunan Alhaji na ga sawun ƙaton zakara mai yatsa biyu a busasshiyar laka. Na duba kajin gidan kaf, ban ga mai ƙafar ba. Yi gudu!" Rannan ne kaɗai na ji ya ce a yi gudu.

Muka sami Hajiya Alizeta tana tankaɗe. Baba Rawgo ya gaishe ta, ya yabi kajinta, sannan ya ce, "Ni kuwa Hajiya, ina jan zakaran nan naku mai yatsa biyu?"

"Au, wannan? Sibiri ya ɗauka. Ɗan Rasmata, ƙanwar Alhaji."

"Yaushe?"

"Ranar Alhamis da sassafe. Ɗan banzan yaro, ya shiga ɗakin kawunsa wai hula yake nema, ya fito ya bi zakaran da gudu. Na bi shi da muciya ina zagi, yana dariya."

"Hajiya, jiya na tambaye ku wa ya shigo gidan nan."

Ta dube shi da mamaki na gaskiya. "Ai ka ce wa ya shigo. Sibiri kuma shigowa yake yi? Gidan kawunsa ne fa."

Na dafe kai. Ni kaina da ni aka tambaya, amsar da zan bayar ke nan. A wajenmu Mosawa, ɗan 'yar'uwa, wanda muke kira yagenga, yana da ikon ya shiga gidan kawunsa ya kama kaza, ya ɗauke hula, wani lokaci har akuya. A bi shi da zagi da dariya, amma ba a kiransa ɓarawo, ba kuma a lissafa shi cikin baƙi. 'Ya'yana ma haka suke yi wa Tinga, sun ƙarar masa da zabi. Idon mutanen gidan ya ga Sibiri sarai, amma ba wanda zuciyarsa ta ƙirga shi.

Baba Rawgo ya ja ni gefe ya ce in rufe bakina har gobe, abin da ya fi komai yi mini wuya a duniya. Ya aika wa Sibiri cewa kawunsa na son fansar zakaransa da kuɗi mai kyau, ya zo da shi gobe bayan la'asar. Ya kuma je ya ga Kumandan.

Ranar Lahadi tsakar gidan Alhaji ta cika. Kumandan ya zo da Tinga. Ga Wenkuni, ga Nufu yana zufa kamar an tsamo shi daga rijiya, ga maigadin banki an zaunar da shi bayan rumbu. Rasmata ma ta zo, ta ɗauka sulhu za a yi. Can sai ga Sibiri ya shigo da zakara a hammata, saurayi mai fara'a, yana ɗaga murya tun daga zaure.

"Kawu! An ce ka yi kewar mijin kajinka. Kawo jaka biyu, sefa dubu biyu cif, ban rage ko dala ba!"

"Shi ne!" Maigadi ya yi tsalle daga bayan rumbu. "Muryar ke nan! Ga kuma ɗan iskan zakaran!"

Zakaran ma kamar ya gane shi, ya fizge ya yi kansa, tsohon soja ya haye turmi. Aka yi ta dariya, har da Kumandan. Baba Rawgo ya bari aka lafa, sannan ya gyara riga, don irin wannan lokacin yake rayuwa dominsa. Ya watsa ruwa a ƙasa, ya kama zakaran ya ɗora a kai, ya nuna wa kowa sawun, ya kai su wajen randuna ya nuna musu ɗan'uwansa.

"Zakaran nan ya bar gidan nan ranar Alhamis da safe," in ji shi. "Kafin azahar yana ƙofar banki. Shi dai bai iya sa hannu ba. Sibiri, wa ya kai shi?"

Sibiri ya dubi maigadi, ya dubi Kumandan, ya dubi kawunsa. Sai ya yi wata 'yar dariya ya ɗaga kafaɗa.

"To, ni ne. Sai me? Kuɗin kawuna ne. Tun ina yaro nake ɗaukar kaji a gidan nan, na ɗauki huluna, na ɗauki tunkiya, wa ya taɓa ce mini ɓarawo? Na roƙe shi jarin injin niƙa har bakina ya gaji, kullum sai ya ce bayan kasuwa. Na je Kupela na biya kuɗin injin, in ya fara aiki ai garin gidan nan kyauta zan riƙa niƙawa."

"Katin fa?" Ni ce na yi tambayar. "Katin Tinga fa?"

"An ce sai da kati. Na ga nasa hoton ya goge. Na ɗauka in abin ya fito, kawu zai zage ni a yi dariya, shi ke nan."

"Da ka ji an kulle shi fa? Kwana nawa yana kwance a siminti kana gida kana ba zakara dawa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji tsoro. Na cire takalmina, Kumandan ya riƙe mini hannu ya ce, "Talato, kada ki sa in tafi da mutum biyu."

Na juya na dubi Alhaji Salfo. Fuskarsa ta yi fari fat. Ƙanwarsa Rasmata ta zube a gabansa ta riƙe masa ƙafa tana kuka, tana kiran sunan uwarsu. Sai ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Kumandan, a bar maganar nan. Na janye ƙara. Yagenga ba ya sata a gidan kawunsa, kowa ya sani. Abu ne na cikin gida."

"Alhaji," in ji Kumandan a hankali, "zakara naka ne, ka yafe. Kuɗin ma in ka ce ka yafe, alƙali zai ji, wataƙila ya sassauta. Amma yaron nan ya ƙirƙiri sa hannu, ya yaudari banki, ya yi amfani da katin wani har aka kulle mai katin. Wannan ba kai kaɗai aka yi wa ba, don haka ba kai kaɗai za ka yafe ba. Rahoto ya riga ya tafi Tenkodogo tun ranar da ka kawo ƙara. Sunan da ke ciki kawai zan canja."

"A taimaka, Kumandan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Nan fa na kasa haɗiyewa. "Shekaranjiya da hannun wani ne, cewa ka yi sai an ɗaure ko zuciyarka ta yi sanyi! Tinga ba shi da uwa ne? Ba shi da mai kuka?" Ba wanda ya ce in yi shiru, har Baba Rawgo bai taka mini ƙafa ba.

Aka cire ankwa daga hannun Tinga aka sa wa Sibiri. Sai a lokacin yaron ya gane ba wasa ake yi ba. Ya juyo yana cewa, "Kawu? Kawu, ka gaya musu mana!" Alhaji ya kawar da kai gefe. Duk haushin da nake ji, wannan kiran ya taɓa ni, don muryar yaro ce da bai taɓa kira a gidan nan an ƙi amsa masa ba.

Shari'a ba ta daɗe ba. Alhaji ya tsaya gaban alƙali ya ce ya yafe kuɗinsa, aka mayar da injin, aka sassauta, amma duk da haka Sibiri ya sami shekara guda a gidan yari da tara a kai. Tinga kuwa na hana shi komawa aiki. Na ce ko ɗaukar ruwa zai yi a rumfata, ya fi masa tuƙa motar mutumin da ya kira shi ɓarawo a bainar jama'a. Ya zauna yana wanke mini kwanuka, duk motar da ta wuce sai ya bi ta da kallo kamar maraya.

A al'adarmu, babban mutum in ya yi wa wani laifi ba ya zuwa ba da haƙuri da kansa. Yagengansa yake aikawa, kuma ba a mayar da roƙon yagenga. To, Alhaji Salfo ƙanwa ɗaya gare shi, ita kuma ɗa namiji ɗaya ta haifa, yana Tenkodogo a kulle. Muka zuba ido mu ga wa zai aiko.

Ranar wata kasuwa, tasha ta cika maƙil, Baba Rawgo na kan benci yana cin wakensa na lada yana ba mutane labarin yadda tun ranar farko ya san zakara ne, sai surutu ya ɗauke ɗif. Na ɗago kai. Alhaji ne da kansa, a ƙasa, ba mota ba 'yan rakiya. Ya zo gaban Tinga da ke tsugune da soso a hannu, ya cire takalmi, ya cire hula, ya durƙusa a cikin ruwan wanke-wanke.

Tinga ya zabura. "Subhanallahi! Alhaji, tashi, don Allah tashi!"

"Bar shi ya gama," na ce.

"Jama'a," in ji Alhaji, "a tashar nan na ce yaron nan ɓarawo ne. A nan kuma nake cewa ƙarya na yi masa. Ba ni da wanda zan aiko. Tinga, ka yafe mini."

Sakaran ƙanen nawa ya fashe da kuka, ya ɗaga shi yana kakkaɓe masa riga. Ni ma na juya baya na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Na zuba wa Alhaji wake, ya zauna a bencin da direbobinsa ke zama, kwandastan nan mai maganar takalmi ya matsa masa yana sunne kai. Ya yi loma biyu ya tsaya, ya yi ta juya cokali. Can ya ce mini a hankali, ko zan ƙulla masa sauran a leda, yau ranar ziyara ce a Tenkodogo, kuma yaron yana son wakena.

Na ƙwace kwanon. Na ce ba a kai wa ɗan kurkuku saura. Na ɗauko babbar roba na cika ta da sabo mai zafi, na zuba mai, na ɗora nama, na ƙulle da kyau na dangwara masa a gaba. Ya sa hannu a aljihu, na harare shi, ya fito da hannun.

Tinga ya goge hannunsa a wando ya ce, "Alhaji, wa zai kai ka?"

"Nufu ne zai tuƙa."

Baba Rawgo ya ƙware da wake har sai da aka ba shi ruwa. Tinga ya saci kallona, sannan ya miƙa hannu.

"Kawo makullin. Hanyar nan akwai ramuka, bai san su ba."

Ban ce komai ba. Wanda ya san ni kuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.